Bahago Ko Kaska

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Ina fata kina shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba. Mu nan lafiya lau muke, in ban da kaina da ke neman tsagewa, kuma rabin ciwon daga wajenki yake zuwa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni a wannan zamani. Dalilin shi ne na gaji da waya. Sau huɗu kika kira ni a makon nan, kuma ban samu na kai ƙarshen magana ko ɗaya ba. Da na buɗe baki sai ki tuna min cewa ke kika goya ni. Na sani, Yaya, shekara hamsin da ɗaya ke nan ina sane. Takarda dai ba za ki katse ta ba, sai dai ki yaga ta, kuma na san ba za ki yaga ba sai kin karanta kin samu abin da za ki yi min faɗa a kai.

Bari in yi miki bayani tiryan-tiryan, tunda duk abin da kika sani a ƙwallon kwando bai wuce cewa ɗanki yana ciki ba. Mutum biyar ne ke fara wasa. Huɗu daga cikin nawa babu mai gardama a kansu. Na biyar shi ne ɗan wasan gefe, wanda ke tsayawa can nesa da kwando yana jiran a miƙo masa ya jefa, in ƙwallo ta koma hannun abokan karawa kuma ya juyo ya tsare gwaninsu. Shekara biyu wannan gurbi na ɗanki ne, wanda duk filin ke kira Bahago har ni ma na kusa manta sunan da kuka sa masa. Da ya gurɗe idon sawu ya yi mako shida yana jinya, sai na sa Kaska a wurinsa. Wasa shida muka yi da Kaska, muka ci biyar. Yanzu Bahago ya warke sarai, zagayen ƙarshe na gasar bana zai fara nan da mako biyu, ga gurbi ɗaya ga mutum biyu.

Kin taɓa ganin Kaska. Shi ne ya ɗauko miki jaka daga mota da kika zo bara, har kika tambaye ni wai yaron nan ba ya magana ne. Ba yaro ba ne, shekararsa ashirin da takwas, shida daga ciki a kan bencina ya yi su. Ya samu sunan ne saboda in ya manne wa mutum a fili, ko numfashi sai ya nemi izininsa. Amma in aka ba shi ƙwallo aka ce ya jefa, to sai a fara addu'a. Ɗanki kuwa hannun hagun nan nasa baiwa ce, jifan nesa mai maki uku a wurinsa kamar shan ruwa ne. Sai dai in an zo tsaron gida, haka zai tsaya yana kallon mutum ya wuce shi kamar mai kallon motoci a bakin titi. Na faɗa masa, na sake faɗa, har muryata ta dishe.

Ke a zatonki ke kaɗai kika sa ni a gaba? Jiya na je aski. Mai askin da na yi shekara goma ina zuwa wurinsa ya jira sai da ya shafa min kumfa ya ɗora reza a maƙogwarona, sannan ya tambaye ni wai da gaske ne ina tunanin ajiye Bahago. A wannan hali me mutum zai ce? Na ce ana dubawa. Na fito, mai gadin filinmu ya ƙi ɗaga min sandar ƙofa sai da ya gama lissafo min wasanni biyar da Kaska ya ci mana, kamar a lokacin ina wata ƙasa. Na dawo gida, matata ta ajiye min shayi ta ce ita ba ta son shiga harkar aikina, amma dai Kaska yaro ne mai ladabi. 'Yarmu kuma ta liƙa hoton yayanta Bahago a jikin firij, daidai inda idona zai sauka in na zo ɗaukar ruwa.

Ga abin da nake so ki gane. Ni ba ni da tarin kofuna a wannan sana'a, abin da nake da shi ɗaya ne, maganata. 'Yan wasa goma sha biyu suna zubar da gumi saboda sun san in Koci ya ce wa mutum abu, to ya zauna daram. Ranar da na kawo Bahago ƙungiyar nan na tara su duka na ce a gida ɗan yayata ne, a nan kuwa lamba bakwai ne kawai. Tun daga ranar sauran suke kallona, suna jira su ga ko gaskiya na faɗa. Ni na rene shi tun yana shekara goma sha biyu, ni na fara ɗora masa ƙwallo a hannu, ba sai an koya min son sa ba. Amma ki bar ni in yi aikina.

Ki gaishe min da kowa. Ki rage tsayuwa a kicin.

Naki har kullum,
Auta

Ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma jikin da sauƙi. Saƙonki ya iso, har kashi uku: ta bakin matata, ta bakin ƙanin maigidanki da rabona da shi tun bikin 'yarsa, da kuma wanda ya fi ba ni haushi, ta bakin Shugaban ƙungiyarmu. Yaya, a ina kika samu lambar Shugaba? Mutumin da ni kaina sai na kwana biyu ina neman ganinsa, ya kira ni ofis yana dariya yana cewa ashe ina da yaya mai zafi haka. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi Shugaba ra'ayinsa a fili yake, duk da ya rantse sau uku cewa ba ya tsoma baki a harkar koci. Ya ce mutane suna cika fili ne don su ga Bahago yana jefawa daga nesa, babu wanda ke barin gidansa don ya zo ya kalli wani yana hana wani motsi. Na ce masa ai mutanen nan sun fi son su koma gida an ci wasa. Ya ce haka ne, shi ya sa ya bar min komai a hannuna. Sannan ya raka ni har bakin ƙofa yana tambayata lafiyar idon sawun Bahago.

Sai kuma mataimakina, wanda muke kira Lissafi. Wannan bawan Allah ko ruwa zai sha sai ya duba alƙaluma. Ranar Litinin ya shigo ɗan ɗakinmu na kallon bidiyo, wanda fankarsa ke ƙara kamar za ta faɗo, ya baje min takardu a kan tebur. Ya ce in Bahago na fili muna ƙara maki tara a kan yadda muka saba, saboda haka Bahago. Na ce to. Ranar Talata ya dawo da wasu takardun ya ce ya sake dubawa, in Bahago na fili ana ƙara zura mana maki goma sha ɗaya, saboda haka Kaska. Na ce to. Jiya Laraba ya zo ya ce ai ya danganta. Na tambaye shi ya danganta da me, ya ce da abubuwa da yawa. Da ƙyar na hana kaina jifansa da kofin shayi.

Na kira kyaftin ɗinmu gefe bayan atisaye na ce ya gaya min tsakaninsa da Allah wa ya fi son ya gani a gefensa. Ya sosa ƙeya, ya kalli takalminsa, ya ce dukansu 'yan uwansa ne. Mutumin da a fili bakinsa ba ya rufuwa.

Su kansu masu abin ba su sauƙaƙa min ba. Na raba su gida biyu a atisaye na ce su tsare juna, ko zan ga wanda zai fito fili. Bahago ya jefa ƙwallo uku a kan Kaska, irin waɗanda ba a iya hanawa. Kaska kuma ya ƙwace ƙwallo a hannunsa sau huɗu, har ɗanki ya fara ƙunƙuni yana kallon alƙali, alhali ni ne alƙalin. Aka tashi kowa ya ba ni hujja, babu wanda ya ba ni mafita.

Da yamma Bahago ya zo gida cin abinci kamar yadda ya saba. Bai ce min komai a kan wasa ba, kuma wannan shirun ya fi min maganarki nauyi. Ya gaishe ni da Kawu, ya ci, ya taya ƙanwarsa aikin makaranta, ya wanke farantinsa da kansa, abin da rabon da in ga ya yi tun yana sakandare. Na zauna ina kallon bayansa a bakin famfo, raina duk ya jagule. Ina son yaron nan, Yaya, kuma abin da ke wahalar da ni ke nan. In na zaɓe shi ban sani ba ko idona ne ya zaɓa ko zuciyata. In na ajiye shi kuma ban sani ba ko don ya cancanci a ajiye shi ne, ko don kada a ce na yi son kai.

Abu ɗaya dai na tsayar da hankalina a kai. Waɗanda za mu fara karawa da su suna da wani mai lamba goma sha ɗaya, dogo, siriri, kamar ba zai iya komai ba. Haɗuwarmu ta ƙarshe maki talatin da huɗu ya zura mana, kuma ɗanki ne ke tsaronsa. Na kalli bidiyon nan har sau biyar. Ba zan tura miki ba, saboda ba na son hawan jininki ya tashi.

Don Allah ki goge lambar Shugaba. Ki gaida maigidanki, ki ce masa na gode da shi kaɗai ne a dangi bai kira ni ba.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, kuma ki zauna kafin ki karanta.

Na yanke shawara. Kaska ne zai fara ranar Asabar. Bahago zai shigo daga benci in mai lamba goma sha ɗayan nan ya gaji, kuma zai yi wasa sosai, ba wai an jefar da shi ba ne. Na san a wurinki duk ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne.

Na fara gaya wa ɗanki, mu biyu a ofis. Ya haɗe rai, ya daɗe yana murza igiyar wandonsa, sannan ya ce to, Koci. Ban ji daɗin Kocin nan ba, amma ni na koya masa. Bai yi min rashin kunya ba ko kaɗan, wannan tarbiyyarki ce, kuma na yaba.

Da na gaya wa Kaska sai ya tsaya kamar bai ji ba. Ya tambaye ni ko ƙafar Bahago ce ta tashi. Na ce ƙafarsa lafiya lau, kai na zaɓa. Sai da na maimaita. Ashe shi duk wasanni shidan nan bai ɗauke su a bakin komai ba, a ganinsa aron kujera aka ba shi kafin mai ita ya dawo. Ya juya zai fita sai ya dawo ya tambaye ni, yana in-ina, ko za a iya samar masa kujera ɗaya a kusa. Wai babansa. Tsohon makaniken manyan motoci ne, tafiyar awa biyar daga nan, kuma tunda Kaska ya fara wannan sana'a bai taɓa zuwa kallonsa ba, don a wurinsa gudu da gajeren wando ba aiki ba ne. Kaska ya ce ya yi wa kansa alkawari ba zai gayyace shi ya zo ya gan shi zaune a benci ba. Ya tambaye ni sau biyu ko maganar ta tabbata, ya kira shi? Na ce yaushe na taɓa gaya maka abu ya tashi? Kira shi. Ni da kaina na je na sa aka ware kujera a bayan bencinmu, kusa da ta matata.

Roƙona ɗaya ne. Ki yi fushi yadda kike so, ki gaya wa duk wanda kike so cewa goyon da kika yi min ya tashi a banza, amma kada ki kira ni sai an tashi wasa.

Allah ya ƙara sauƙi. A gaida yara.

Auta

Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma murnar ba ta sa kin manta da magani ba. Na ga saƙonninki duka goma sha huɗu. Na ga albarkar da kika sa min, na ga inda kika ce daman kin san ba zan ba ki kunya ba. Na kasa amsawa ta waya. Ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki ga ko albarkar tana nan.

Akwai abin da ake yi kafin kowane wasa wanda ku 'yan kallo ba ku gani. Saura minti goma a fara, koci zai je teburin masu rubuta maki, a miƙo masa takardar wasa mai ɗauke da sunayen 'yan wasansa a jere bisa lambar riga. Zai sa alama a gaban mutum biyar da za su fara, ya sa hannu. Na yi wannan ya fi sau ɗari biyar. A ƙungiyarmu abin ya zo da sauƙi, masu farawa su ne layi huɗu na sama da layin ƙarshe a ƙasa. Bahago lamba bakwai ne, shi ne layi na huɗu. Kaska lamba takwas, layi na biyar. Da Bahago ke jinya an cire sunansa daga takardar, sai Kaska ya hau layi na huɗu. Kin gane? Shekara biyu da mako shida hannuna wuri ɗaya yake sauka. Ranar Asabar sunan Bahago ya dawo, ya ture Kaska ƙasa.

Na je teburin ba tabarau, saboda ba na son kyamara ta ɗauke ni da shi, wannan wautata ce. Fili ya cika, ganga na tashi, Lissafi wanda ya saba leƙa takardar ta kafaɗata yana can yana gardama da wani a kan tawul. Wayata kuma tana ta rawa a aljihu, ba sai na gaya miki wa ke kira ba. Na yi alama huɗu a sama, ɗaya a ƙasa, na sa hannu na juya.

Ban san abin da na aikata ba sai da mai sanarwa ya fara kiran sunaye. Kaska ya riga ya cire rigar sama, yana tsaye a layi yana ɗan tsalle, ya waiga sau ɗaya ya kalli inda babansa yake. Tsohon ya sha wankakkun kaya, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Aka kira na ɗaya, na biyu, na uku. Kaska ya ɗaga ƙafa, sai lasifika ta ce lamba bakwai. Fili ya ɗauki ihu. Bahago na zaune da rigarsa a jiki, ya ɗago ya kalle ni baki buɗe.

Na ruga teburin kamar mahaukaci. Alƙalin wasa ya juyo min da takardar ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. Ya ce wanda aka yi wa alama shi zai fara, sai dai in rauni ya ji, amma da zarar an tsayar da agogo karon farko ina iya canzawa. Na dawo gumi na karyo min, na ce wa Bahago ya shiga. Na dafa kafaɗar Kaska na ce kuskure ne na takarda, busar usur ta farko za ka shiga, minti ɗaya ba zai cika ba. Ya gyaɗa kai, ya mayar da rigarsa, ya zauna a bakin benci.

Sauran kin gani a talabijin. Ƙwallon farko da ta taɓa hannun ɗanki, maki uku. Ta biyu, maki uku. Aka yi busar farko, Kaska ya miƙe ya kama gefen rigarsa. Na ɗaga masa hannu na ce ɗan dakata. Ta uku ma ta shiga, fili kamar zai rufta. Aka sake busa, ya sake miƙewa, na sake ɗaga hannu. A karo na uku bai miƙe ba, ni kuma ban waiga ba. Saura minti ɗaya a gama zangon farko mai minti goma na sa Kaska.

Mun ci da tazarar maki shida. Bahago ya zura ashirin da tara. Bayan hutun rabin lokaci Kaska ya manne wa mai lamba goma sha ɗayan nan har sai da ya fara jifa da tawul don haushi, kuma in don gaskiya ne wannan ya ci mana wasan. Amma babansa bai gani ba. Motar ƙarshe ta garinsu ƙarfe huɗu take tashi, ya fita tun ana hutu. Matata ta ce duk zamansa magana ɗaya ya yi. Ya sunkuyo ya tambaye ta a hankali ko yaron nasa wani laifi ya yi aka zaunar da shi. Tun ranar Asabar matata ke ajiye min abinci ba ta kallon fuskata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yabon. Wani ɗan jarida ya rubuta wai na yaudari abokan karawa, na bari labarin Kaska ya bazu sannan na fito da Bahago, wai dabara ce ta tsohon hannu. Shugaba ya rungume ni a gaban mutane. Mai aski ya tsallako titi don ya gaishe ni. Lissafi ya ce ai daman alƙaluma sun nuna. Na gaya wa mutum uku cewa kuskure ne, duka ukun suka kashe min ido ɗaya suna dariya. Shi kuwa Bahago bai zo cin abinci ba jiya. Ya aiko wa ƙanwarsa cewa ba ya jin yunwa, kuma na san kunyar haɗa ido da Kaska ce ta hana shi sakewa, alhali shi bai yi komai ba.

Yau da safe na riga kowa zuwa fili, ko haka na zata. Na tarar da Kaska shi kaɗai yana jifa, yawanci ba sa shiga, yana bi yana ɗaukowa. Na kira shi muka zauna a benci. Na ɗauko kwafin takardar na nuna masa layi-layi, na yi masa bayanin da na yi miki, har da tabarau. Ya duba da kyau, ya bi da yatsa, ya miƙo min. Ya ce, "Layi na huɗu na yarda, Koci. Minti taran fa?"

Zan iya cewa ba a cire wanda jifansa ke ta shiga, kowane koci zai goyi bayana. Amma na san abin da na ji a ƙirjina da ƙwallo ta uku ta shiga. Ba koci ne ya ɗaga wa Kaska hannu ba, kawu ne yake kallon yaronsa yana haskawa, ya kasa cewa ya isa. Kuskuren hannu daƙiƙa ɗaya ne. Sauran da idona biyu na yi, agogo yana gabana. Haka na gaya masa, kuma na ba shi haƙuri.

Na ce masa wasa na biyu da wannan ƙungiyar, ranar Asabar mai zuwa, shi zai fara. Na san abin da zai biyo baya. Za a ce na haukace, na ajiye mai maki ashirin da tara. Shugaba zai kira ni ofis, ke kuma za ki kira kowa. Duk na ji na ɗauka, mai lamba goma sha ɗayan nan bai je ko'ina ba, kuma dalilina na farko yana nan. Ya ce to, ba murna ba fushi. Sai na tambaye shi ko in sake sa a ware wa Baba kujerar nan.

Ya ɗauki ƙwallonsa ya miƙe. Ya ce, "A'a, Koci, a bar shi tukuna. Sai na ga ƙafata a cikin fili."

Shekara shida yaron nan in na ce masa gobe za a yi ruwa, da lema yake fitowa. Yau na ba shi magana bai ga ta kai ya ɗaga waya a kanta ba, kuma ba ni da bakin cewa bai kyauta ba. Saboda haka ki daina gode min, Yaya. Ban yi miki alheri ba, kuma abin da na kashe a kai ba na jin zan sake tara shi.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki kira ɗanki ki ce ya zo ya ci abinci, ni na kasa.

Ƙaninki,
Auta